Silon Mota Ya Ƙi Sauka: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar Mataki-Mataki

Tambayar nan ta yi ta maimaituwa daga masu motoci, musamman ƴan taksin cikin garin Maraɗi da direbobin da ke jigila zuwa Tasawa, Madarumfa da Ɗan Isa: mota tana tsaye, ƙafa ba ta kan totur, amma inji sai kuka yake kamar ana shirin tashi tsere. Makanikai na kiran gudun inji a tsaye silo, waɗanda suka koyi aiki da Faransanci kuma su ce ralanti. Duk abu ɗaya ne.

Injin fetur ba ya iya hawa sai ya samu ƙarin iska. Saboda haka idan silo ya hau, galibi ɗayan biyu ne: ko iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, ko kuma kwamfutar motar ce da kanta take buɗe mata ƙofa don an ba ta labarin ƙarya, galibi labarin cewa inji yana da sanyi. Wanda ya ɗauki sukudireba ya nufi sukurun silo kafin ya gano wanne ne cikin biyun, ya bar jaki yana dukan taiki. Matakan da ke ƙasa an jera su daga na kyauta zuwa mai cin kuɗi, kuma tsallake ɗaya shi ne ke sa mutum ya sayi sensa uku alhali tiyo guda ne ya tsage.

Kayan da za ka tanada

Kule mai lamba 10 da 12, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, tocila, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, tsohon buroshin haƙori, gorar fesa ruwa, da gwangwanin feshin wanke karbireta. Mitar awon lantarki za ta yi amfani a mataki na 5 da na 6. Idan motar tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, na'urar karanta kwamfuta, wadda ƴan gareji ke kira baliz, za ta rage maka rabin wahala. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da wannan soket tun daga 1996, na fetur na Turai kuma tun 2001. Akwai ƙananan na'urorin da ke haɗuwa da wayar hannu, kuma sun isa wannan aiki.

Kan kuɗi, farashin kayan gyara a Maraɗi yana bin canjin naira da halin da iyaka take ciki, amma jerin tsadarsu ba ya sauyawa: tiyo da ƙarfen ɗaure shi su ne mafi araha, sai gasket, sai tarmosta (bawul ɗin da ke tsare ruwa a inji har ya yi ɗumi) da sensar zafin ruwa, sai bawul ɗin silo, sai maƙogwaron totur (ƙofar da totur ke buɗewa iska ta shiga inji) gaba ɗaya, kwamfuta ce a can ƙarshe. Barin matsalar ma ba kyauta ba ne. A ce injin yana shan ƙarin rabin lita a kowace awa ta tsayuwa, ɗan taksi kuma yana tara awa 3 a rana wajen jiran fasinja da cunkoson bakin kasuwa. Lita ɗaya da rabi ke nan, a kan 499 sefa da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, wato ya haura jika 20 a wata.

1. Tabbatar cewa matsala ce

Ba kowane hawan silo ne cuta ba. Da safe, musamman a hunturun Disamba da Janairu, inji yakan tashi a kan juyi 1,200 zuwa 1,500 a minti, sannan ya riƙa saukowa a hankali cikin ƴan mintoci. Haka aka ƙera shi. Kunna kilim (na'urar sanyaya mota), ko manyan fitilu, ko murɗa sitiyari har ƙarshe su ma suna ɗaga silo kaɗan, kamar da juyi 100 zuwa 200.

Ka tuƙa motar minti 15 har allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa. Ka tsaya a wuri mai iska, ka ja burkin hannu, ka sa giya a firi ko P, ka kashe kilim da fitilu da rediyo. Yawancin ƙananan motocin fetur suna zama tsakanin 600 da 900. Adadin da kamfani ya tsayar yakan kasance a wata takarda da ke manne a cikin bonet, idan zafi bai cinye ta ba. Abin da ya wuce 1,000 a wannan hali yana buƙatar bincike.

Ka lura da halin hawan, don shi ne zai nuna maka inda za ka fi ɓata lokaci. Wanda ya tsaya cak a sama ba ya motsi ya fi kama da wayar totur, bawul da ya maƙale, ko labarin sanyi. Wanda ke hawa yana sauka kamar numfashi, daga 1,000 zuwa 1,800 ya komo, ya fi kama da satar iska ko ƙarancin ruwa a radiyata. Wanda ke maƙalewa a sama bayan ka saki totur sannan ya sauko a kasalance, duba waya da sensar totur. Ka kuma tambayi kanka me aka taɓa kwanan nan: an sauya batir, an wanke inji, an wanke maƙogwaro? Idan amsar wankin maƙogwaro ce, wuce kai tsaye zuwa mataki na 8 ka dawo.

*Gargaɗi:* a mota mai giyar otomatik, kada ka sa D ko R silo yana sama da 1,500 sai ƙafarka ta danne burki sosai. Motar za ta zabura, kuma kowane bugu irin wannan akwatin giya ne ke biyansa. Kada kuma ka bar inji yana aiki a rufaffen gareji.

2. Tabarma, feda da waya

A kashe inji. Zare tabarmar ƙasan direba gaba ɗaya, musamman idan biyu aka jibga ko an yanka leda an shimfiɗa. Sa yatsan ƙafa a ƙarƙashin fedar totur ka ɗago ta. Idan da inji na aiki silo yana sauka in ka yi haka, matsalar tana nan kusa.

Buɗe bonet ka bi wayar totur har inda ta naɗe a kan wata ƴar faranti a gefen maƙogwaro. Danna wayar da yatsa. Dole ta kasance da ɗan sassauci, kamar milimita 2 zuwa 3, kafin farantin ya fara juyawa. Idan ta miƙe tsam kamar tsirkiyar gurmi, an ɗaure ta fiye da kima. Akwai noti biyu a kan ƙarfen da ke riƙe da ita, sassauta su da kule 12 ka ba ta sarari. Murɗa farantin da hannu ka saki: ya kamata ya koma da ƙarfi har ka ji ƙas. Idan yana komawa a hankali, ko dai ƙura da tsohon girisi sun daskare a cikin bawon wayar, ko zarenta ya fara tsintsinkewa, ko sifirin ya gaji. Wayar da ta fara tsinkewa sauya ta ake yi, ba a shafa mata mai a ci gaba, don ranar da za ta maƙale ba za ta yi sallama ba.

Motocin da totur ɗinsu na lantarki ne ba su da wannan waya. Tabarma da feda kawai za ka duba.

3. Neman ɓarauniyar hanyar iska

Nan ne aka fi kama ɓarawon, kuma nan ne ya kamata ka yi haƙuri. Zafin Afrilu da Mayu, ga zafin inji a kai, yana mayar da roba kamar busasshiyar ƙwarya. Motar da ta yi shekara 15 a Turai sannan ta sauka Kwatano ta hau hanya zuwa nan, tiyoyinta sun riga sun gaji kafin ma ta sha ranar Maraɗi.

Yadda satar iska ke bayyana ya danganta da irin motar. Wadda ke auna matsin iska a cikin manifol (bututun da ke raba iska zuwa cikin inji bayan maƙogwaro), irin su Starlet, tsofaffin Corolla da Carina E, da Peugeot 406, tana ganin ƙarin iskar sai ta ƙara mai daidai da ita, shi ya sa silonta ke hawa sumul ba tangarɗa. Wadda ke auna iska a bakin filta, irin Corolla ta 2003 zuwa sama, ba ta san da iskar satar ba, sai mai ya yi ƙaranci, inji ya riƙa rawa yana hawa da sauka, wani lokaci fitilar inji ta kama.

Fara da kunne. Inji na aiki, ka saurari wani siririn fito kamar na tayar da ƙusa ta huda. Guntun tiyo, baki ɗaya a kunne ɗayan kana zagayawa da shi, yana taimakawa wajen gano wurin.

Sai ido da hannu. Kashe inji ka bi kowane tiyo da ke fita daga manifol: na tukunyar burki mai kauri, na numfashin inji da ke zuwa daga murfin bawul, na tururin tanki, da ƙananan siraran da ke zuwa sensa. Kada ka tsaya kallon samansu. Tsagewa tana ɓuya ne a ƙasa, a gwiwar tiyo ko dab da inda ya shiga ƙarfe. Tiyon numfashin inji na iya yin kyau fes daga sama, amma ka lanƙwasa shi da yatsa biyu ka haska tocila ta ƙasa, sai ka ga baki ya buɗe kamar tsagar ƙwayar dabino, gefensa ya yi laushi da baƙin mai. Ka saki ya rufe kamar ba komai. Duba kuma babbar robar da ke tsakanin filta da maƙogwaro, ka buɗa kowane ninki nata. Ka nemi bakin ƙarfe da ke tsirara ba tiyo a kansa, ko wanda aka toshe da ƙusa ko guntun icce tun wani gyara na baya.

Sai gwajin matsewa. Ta da inji, ka naɗe bakin filaya da tsumma, ka matse tiyoyin ɗaya bayan ɗaya na daƙiƙa biyar. Wanda ka matse silo ya faɗo, ta hanyarsa iskar ke shigowa. Idan na tukunyar burki ne, tabbatar da haka: kashe inji, taka burki sau 4 ko 5 har ya yi tauri, riƙe shi a danne ka ta da inji. Lafiyayyar tukunya za ta sa fedar ta ɗan nutse. Idan ba ta motsa ba, ko kana jin huci a gindin feda, robar cikin tukunyar ta fashe, kuma wannan ya zama maganar burki, ba a ɗaga ta zuwa gobe. Idan na numfashin inji ne, ɗan sauyi kaɗan daidai ne, amma faɗuwa mai yawa na nufin ƙaramin bawul ɗinsa ya maƙale a buɗe. Cire shi ka girgiza a kunne, mai lafiya yana kaɗawa kamar caki.

Abin da ya rage shi ne gasket ɗin manifol, na gindin maƙogwaro, da zoben robar injekta. Fesa ruwa kaɗan-kaɗan a kan kowane haɗi. Inda ruwa ya toshe ramin na ɗan lokaci, za ka ji muryar inji ta sauya. Corolla mai injin 1ZZ ta shahara da wannan gasket na manifol, wanda ya fi yoyo da sanyin safiya.

*Gargaɗi:* wasu na zuba fetur daga kwalba a kan manifol don wannan gwaji. Tartsatsi ɗaya daga wayar buji ya isa ya cinye motar da fuskar mai zubawa. Feshin karbireta ma yana kama wuta. Idan za a yi da shi, inji bai yi zafi ba, a yi nesa da salansa, kuma abin kashe gobara yana kusa. Ka tattare hannun riga da rawani daga bel, ka kuma sani fankar lantarki tana tashi ba sanarwa.

Tiyon da ya tsage a sauya shi da mai jure mai da zafi, daidai kaurinsa. Salatif da robar tsohon tub suna kai mutum gida ne kawai. Gasket kuma a sa sabo a kan fuskar da aka kankare tas, a ɗaure notin daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, musamman idan manifol ɗin na roba ne. Cika gam yana sa ragowarsa ta tsinke ta shige cikin inji.

4. Maƙogwaron totur da bawul ɗin silo

Cire babbar robar iska ka leƙa cikin maƙogwaro. Za ka ga faifan tagulla ko na alminiyam, wanda makanikai ke kira papiyon, da wani baƙin zobe mai danƙo a bangon da yake rufewa. Ƙurar hunturu ce ta haɗu da tururin mai. Idan ka ga jan ƙasa a wannan wuri, filtar iskarka ta huje ko murfinta ba ya zama daidai, kuma hura ta da kwampreso kullum shi ke yaga takardar.

Yawanci wannan datti rage silo yake yi, amma idan ya yi kauri yana hana faifan komawa mazauninsa. Fesa maganin a kan tsumma ka goge bango da gefen faifai, gaba da baya, ka bi lungu da buroshi. Kada ka kankara da wuƙa ko takardar yashi. Ƙaramin gibi da ka ƙara a nan ba ya komawa, silon kuma ya hau ke nan har abada.

A gefen farantin waya akwai wani ɗan sukuru da faifan ke jingina a kai, galibi da ɗigon fenti rawaya ko fari. A motar injekta wannan ba sukurun silo ba ne, kamfani ya saita shi don kada faifai ya ciji bango. Idan fentin ya fashe, wani ya riga ka zuwa. Abin da ke faruwa shi ne, a baya silo ya yi ƙasa saboda datti, aka murɗa sukurun aka ɗaga shi, yau kuma an wanke dattin. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Mayar da shi baya har ya rabu da farantin, sannan ka matso da shi ya taɓa, ka ƙara kamar kwatan juyi, sannan a auna sensar totur kamar yadda ke mataki na 6.

Bawul ɗin silo shi ne ƙofar da kwamfuta ke buɗewa don iska ta zagaye faifai. A motar da ke auna matsi a manifol, gwajinsa mai sauƙi ne: robar iska a cire, inji na aiki, ka nemi ramin da ke bangon maƙogwaro kafin faifai ka toshe da yatsa. Idan inji ya faɗo ko ya mutu, ta bawul ɗin iskar ke wucewa, ko don ya maƙale ko don kwamfuta ce ta umarce shi. Idan bai ko gezau ba, koma mataki na 3, akwai ramin da ka tsallake.

Na Toyota yana ƙarƙashin maƙogwaro, da ƙananan tiyoyin ruwa biyu a jikinsa. Sukurorinsa masu laushi ne, ka danna sukudireba da ƙarfi kafin ka murɗa, in ba haka ba kansu ya cinye. A ciki akwai ƴar ƙofa mai juyawa. Wanke ta har ta riƙa juyawa da ɗan yatsa ba cijewa. Na Peugeot, Opel da Renault ɗan ƙaramin injin lantarki ne mai tsinin kai da ke shiga da fita. Goge tsinin da mazauninsa.

*Gargaɗi:* kada ka tura ko ka ja wannan tsini da hannu, zaren cikinsa na karyewa. Kada ka jiƙa ɓangaren lantarkin da magani, kada kuma ka cire soket makulli yana buɗe. A maƙogwaro na lantarki, cire batir kafin ka sa yatsa kusa da faifai, don injin lantarkin da ke juya shi yana da ƙarfin datse yatsa, kuma a tura shi a hankali.

5. Labarin sanyi: tarmosta, ruwa da sensar zafi

Al'adar cire tarmosta da haɗa fanka kai tsaye ta zama ruwan dare a garejinmu, wai don ƙasar zafi ce. Injin an ƙera shi ya yi aiki tsakanin digiri 80 da 95, kuma tarmostar yawancin Toyota tana fara buɗewa ne wajen 82. Aka cire ta, ruwa yana zagaya radiyata tun daga tashi, fanka kuma tana hurawa ba hutu. A bazara ba a cika ganewa ba. Da hunturu ya shigo, injin sai ya wuni bai kai zafinsa ba, kwamfuta kuma ta ci gaba da riƙe silo a sama tana zuba mai, tana jiran ɗumin da ba zai zo ba. Motar da ke zafi, galibi dalilinta yana radiyata, murfi, fanka ko famfon ruwa. Tarmosta mai lafiya ba ta sa zafi.

Gwaji: da safe ka ta da inji ka riƙe babban tiyon radiyata na sama. Idan akwai tarmosta mai aiki, zai zauna da sanyi na wasu mintoci sannan ya ɗau zafi kusan lokaci guda. Idan tun minti na farko ya fara ɗumi sannu-sannu, babu ita ko ta maƙale a buɗe.

Sai yawan ruwa. Idan ya yi ƙasa, sensa tana zama cikin iska maimakon ruwa, sai silo ya riƙa hawa da sauka. A tsofaffin Toyota da Honda, ruwan zafi ne ke bi ta ƙananan tiyoyin maƙogwaro ya rufe hanyar iskar sanyi. Taɓa su bayan inji ya yi zafi, dole dukansu biyu su ƙona hannu. Idan ɗaya da sanyi, tsatsa da gishirin ruwan rijiya ko na famfo sun toshe shi, ko wani ya cire su ya haɗe da juna. A buɗe hanyar, a mayar da su, a cika ruwa a fitar da iska.

*Gargaɗi:* ba a buɗe murfin radiyata inji da zafi. Ruwan yana ƙarƙashin matsi, ya wuce zafin tafasa, kuma fuska yake nufa.

Sensar zafi a tsofaffin motoci biyu ce: mai waya ɗaya tana motsa allurar gaban direba, mai waya biyu tana magana da kwamfuta. Saboda haka allura na iya nuna daidai alhali kwamfuta tana jin wani labari dabam. Cire soket ɗin mai waya biyu ka auna ta da mita. Irin waɗanda aka fi samu suna ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, su sauko wajen 300 a digiri 80. Idan inji ya yi zafi ka ga har yanzu tana cikin dubbai, ta mutu. Duba bakin soket ɗin ma, koren tsatsa a kan fil yana ƙara adadin om, kwamfuta ta ɗauka sanyi ne. Wankin inji da ruwa mai ƙarfi shi ke jawo wannan.

6. Abin da na'ura za ta gaya maka

A cikin lambobin matsala da na'urar karanta kwamfuta ke nunawa, lambar P0507 tana cewa silo ya wuce yadda kwamfuta ke so, wato ita ma ta yi ƙoƙarin sauke shi ta kasa, don haka ka fi zargin satar iska ko abin da ya maƙale. P0171 ƙarancin mai ne a gaurayen, abokiyar satar iska. P0505 ta shafi tsarin bawul ɗin silo, P0115 zuwa P0118 sensar zafin ruwa, P0128 injin da ya ƙi ɗumi, P0120 zuwa P0123 sensar totur. Lamba tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. Wayar da ɓera ya ci da sensar da ta mutu lamba ɗaya suke bayarwa. Rubuta su kafin a goge.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne adadin da na'urar ke nunawa kai tsaye. Kafin a ta da motar da ta kwana, zafin ruwa da zafin iskar shiga su yi kusan daidai da juna. Bambancin digiri 15 ko 20 ya tona asirin sensa. Sai gyaran mai da kwamfuta ke yi: idan a silo ya haura kashi 10 cikin 100 na ƙari, amma ka riƙe inji a 2,500 ya dawo kusa da sifili, satar iska ce ba shakka.

Sensar totur mai waya uku tana karɓar volt 5. Makulli a buɗe, inji a kashe, wayar saƙo ta ba da kamar rabin volt zuwa ƙasa da 1 idan faifai na rufe, ta hau sumul zuwa wajen 4 ko 4.5 idan an buɗe shi duka. Tsalle ko yankewa a tsakiya alamar cinyewa ce. A totur na lantarki, ganin kashi 10 zuwa 20 ƙafa ba ta kan feda ba laifi ba ne, kada a sayar maka da sabon maƙogwaro a kan haka. Sensar iska ta bakin filta kuwa tana da nata feshin na musamman, ba a taɓa siririn zarenta da tsumma ko buroshi.

Idan za ka sayi sensa ko bawul na hannu, je da tsohon ka gwada lambar da ke jikinsa, ka kuma yi sharaɗin mayarwa kafin ka biya. Soket ya shiga ba ya nufin adadin cikinsu ɗaya ne.

7. Idan motar mai karbireta ce

Peugeot 504, tsofaffin Starlet da Hiace na fetur ba su da kwamfutar da za a yaudara. Mataki na 2 da na 3 suna nan daram, a ƙara da gasket ɗin gindin karbireta da sandar faifai, wadda idan ta cinye za ka ji tana girgiɗi a yatsa.

Inji da zafi, cire murfin filta ka duba faifan shok na sama, wanda ke rage iska idan inji na da sanyi. Dole ya miƙe tsaye a buɗe. Idan ya karkata, akwai wani ƙarfe mai matakala a gefe da ke riƙe totur a ɗage. Wanke shi ka tabbatar yana faɗowa da kansa. Leƙa maƙogwaro na biyu, faifansa ya kasance a rufe ruf. Duba ƴar tukunyar da ke ɗaga silo idan an kunna kilim, kada ta kasance tana turawa alhali kilim a kashe. Taimin (lokacin da buji ke ba da wuta) da aka kai gaba da yawa, ta hanyar murɗa delko (mai raba wuta ga buji) da kunne, shi ma yana hawar da silo, haka tiyon delko da aka soka a ramin da ba nasa ba. A saita taimin da fitilarsa tukuna.

Bayan duk wannan ne ake taɓa sukuru, kuma a nan halas ne. Sassauta na gudu har allura ta zo wajen 750 zuwa 850. Na gauraye kuma, idan an riga an dagula shi, shigar da shi a hankali har ya taɓa, ka dawo da shi kamar juyi biyu, ka daidaita inda inji ya fi zama lafiya, sannan ka sake gyara na gudu. Kada ka ɗaure shi da ƙarfi, tsininsa na lalata mazauni.

8. Koya wa kwamfuta sabon silo

Kwamfuta ta yi shekaru tana ƙara buɗe ƙofa don ta rama dattin da ke taruwa. An wanke dattin, ita ba ta sani ba. Cire kan batir na ragi na minti 10 zuwa 15, bayan ka tabbatar rediyon ba mai neman lambar sirri ba ne. Mayar, ka buɗe makulli na rabin minti ba tare da ta da inji ko taɓa totur ba. Ta da shi, komai a kashe, ka bar shi har fanka ta tashi ta tsaya, ka ƙara minti 10. Kunna kilim na wasu mintoci, sannan ka zaga gari kana tsayawa kana tashi. Toyota da yawa suna daidaita da wannan, wasu sai bayan tuƙin kwana ɗaya ko biyu. Nissan masu totur na lantarki suna da nasu tsarin na musamman, Volkswagen kuma galibi sai an sa na'ura.

Masu gazuwal

A tsofaffin Hilux, Hiace da Land Cruiser, fara duba maɓallin ɗaga silo na kusa da sitiyari, sau da yawa yaron mota ne ya murɗa ya manta. Sai waya, sifirin da ke kan famfon mai, da tukunyar kilim. Satar iska ba ta hawar da injin gazuwal, mai ne ke hawar da shi. Shi ya sa idan ya fara hawa da kansa yana tuttuɗo hayaƙi fari ko shuɗi, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa, to baƙin mansa yake sha, ko daga turbo da ya fashe ko don an cika shi ya wuce alama. Danne burki, sa giya mafi girma ka saki kuloci ya shaƙe. Idan otomatik ce, a toshe bakin shigar iska da katako mai faɗi, ba da hannu ko tsumma ba. Bayan ya mutu kada a sake ta da shi sai an cire tiyoyin turbo an zubar da man da ya taru a ciki, an kuma auna abin da ya rage a kasko.